Ƙarancin serotonin ne ko yawan kotisol? Amsa ga mai fama da damuwa da fargaba

Tambaya: Wani bawan Allah ya rubuto cewa ya daɗe yana fama da faɗuwar gaba, da rashin barci, da ƙuncin zuciya. Likita ya ce masa sinadaran ƙwaƙwalwarsa ne suka samu tangarɗa, ya ɗora shi a kan magani. Sati biyu ke nan yana sha bai ga canji ba. Ana cikin haka ya karanta cewa masana sun ƙaryata batun serotonin, wasu kuma suna cewa kotisol ne tushen komai. Yana so ya san wanne ne gaskiya, ko akwai gwajin jinin da zai raba gardama, kuma ko ya ajiye maganin.

Amsa: Ɗan'uwa, sannu, Allah ya ba ka lafiya. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka ajiye maganin nan da kanka. Sati biyu bai isa a yanke masa hukunci ba, kuma dalilin da ya sa bai isa ba shi ne zai warware maka sauran tambayoyin.

A ƙwaƙwalwar mutum akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace ƙwaya da maƙwabciyarta akwai 'yar rata wadda ido ba ya gani. Idan saƙo ya iso bakin ratar, sai ƙwayar ta fesa sinadari, ya tsallaka ya sauka a wasu gurabe na musamman a jikin ta gaba, sannan wadda ta fesa ta tsotse ragowar ta mayar ciki. Serotonin ɗaya ne daga cikin waɗannan 'yan aike. Akwai noradirinalin mai farkar da hankali, akwai dofamin mai sa mutum ya ji marmarin tashi ya nemi abu, akwai gulutamet mai zaburar da jijiyoyi, akwai GABA mai kwantar da su, ga wasu da dama. Wannan ɓangaren babu wanda ke jayayya a kansa.

Inda jayayyar take shi ne cewa ciwon damuwa raguwar ɗaya daga cikinsu ne. Wannan magana tana da tarihi, kuma tarihin ya nuna inda ta yi rauni. A farkon shekarun 1950 ana gwada wani maganin tarin fuka mai suna iproniazid a Amurka, sai likitoci suka lura majinyatan sun soma walwala da fara'a fiye da yadda sauƙin huhunsu zai bayyana. Da aka bincika, ashe maganin yana hana jiki rusa serotonin da noradirinalin. A 1957 wani likita a Suwizalan, Roland Kuhn, ya ba da rahoton cewa imipramine yana ɗaga masu tsananin damuwa, shi ma daga baya aka gano a kan waɗannan sinadarai yake aiki. A ɗaya gefen kuma ga reserpine, maganin hawan jini na wancan zamani, wanda ke ƙarar da sinadaran, kuma aka riƙa samun rahoton wasu masu shan sa suna faɗawa cikin ƙunci. Sai aka haɗa biyu da biyu. Joseph Schildkraut ya rubuta hasashen a 1965 yana ɗora laifin a kan noradirinalin, Alec Coppen a Birtaniya ya karkata ga serotonin a 1967. Schildkraut da kansa ya yi kashedi cewa bayanin nasa an taƙaita shi fiye da ƙima. Amma da aka amince da fluoxetine a Amurka a 1987, wanda aka sayar da sunan Prozac, masu talla suka ɗauki hasashen suka mai da shi tabbas, ya shiga bakin kowa, har da mu likitoci, domin yana da sauƙin faɗa a cikin minti biyu.

Matsalar ita ce samun sauƙi da magani bai nuna abin da ya haddasa ciwon ba. An gwada rage wa mutane serotonin da gangan, ta hanyar hana jiki samun kayan da yake haɗa shi da su na ɗan lokaci. Masu lafiya waɗanda ba su taɓa ciwon ba, galibinsu ba su faɗa damuwa ba. Waɗanda suka taɓa yi suka warke, musamman ta hanyar irin wannan magani, wasunsu alamun sun dawo musu na ɗan lokaci. Wato serotonin yana da hannu, amma raguwarsa kaɗai ba ta isa ta kayar da mai lafiya ba. Abin da ka karanta kuma, ina kyautata zaton nazarin Joanna Moncrieff da abokan aikinta ne na 2022, waɗanda suka tattara binciken shekaru masu yawa suka ce babu daidaitacciyar hujja cewa ƙarancin serotonin ne ke kawo ciwon damuwa. Masana da yawa sun soki yadda suka yi nazarin, amma ainihin maganar ba sabuwa ba ce ga masu binciken ƙwaƙwalwa. Abin da ya ɓata lamarin shi ne yadda labarin ya koma "magani ba ya aiki" a bakin mutane. Tambayoyi biyu ne daban. A 2018 Andrea Cipriani da tawagarsa sun haɗa gwaje-gwaje 522 da suka ƙunshi mutum fiye da 116,000, suka tarar duk magunguna 21 da aka duba sun fi ƙwayar da babu magani a cikinta tasiri. Ratar da ke tsakani ba babba ba ce idan aka ɗauki jimillar mutane, wannan gaskiya ne. Amma akwai ta, kuma ga wasu mutane tana da girma ƙwarai.

Ga abin da ya fi ɗaure kai. Maganin da kake sha, in dai irin wanda aka fi bayarwa ne, yana toshe tsotsewar nan da na ambata, kuma cikin awowi kaɗan serotonin ya ƙaru a ratar. Da ƙaranci ne ciwon, da ka wayi gari garau. Amma sai an yi sati biyu zuwa shida kafin mutum ya ji bambanci. Ke nan akwai wani gyara mai tafiyar hawainiya da ke gudana a bayan fage, kuma a nan ne batun matsin rayuwa da kotisol ya shigo.

Ka ɗauka kana tsallaka titi, mota ta ƙwace ta yo kanka. Kafin ka san me ake ciki ka riga ka yi tsalle. Zuciyarka na dukan uku-uku, bakinka ya bushe, tafin hannunka ya jiƙe, gwiwoyinka na rawa. Wani ɗan sashe mai girman ƙwayar gyaɗa a can cikin ƙwaƙwalwa, amigdala, shi ya hango haɗarin kafin tunaninka ya kama, ya aika ta jijiyoyi zuwa wasu 'yan gaɓɓai biyu da ke zaune a saman ƙoda, suka zubo adirinalin cikin daƙiƙoƙi. Walter Cannon na Harvard ya bayyana wannan tun 1915, shirin da jiki ke yi na faɗa ko gudu.

Bayan wannan akwai rukuni na biyu mai zuwa a hankali. Haifotalamus, a gindin ƙwaƙwalwa, yana sakin wani sinadari da ake kira CRH, shi kuma ya taɓa fituwitari da ke rataye a ƙasansa, fituwitari ya saki ACTH cikin jini, ACTH ya isa saman ƙoda ya ce a fito da kotisol. Sai an yi minti ashirin zuwa talatin kafin kotisol ya kai ƙololuwa. Aikinsa ya zuba sukari cikin jini, ya riƙe ƙarfin bugun jini, ya dakatar da ayyukan da za su iya jira kamar gyaran jiki da haihuwa. Kuma kada ka bari a tsorata ka da sunansa. Wanda jikinsa ya daina yin kotisol, kamar masu cutar Addison, yana iya mutuwa in ba a ba shi ba. Ko babu wata barazana, kotisol yana da zagayensa na kullum: yana hawa sosai da safe jim kaɗan bayan an farka, ya riƙa sauka har ya kai ƙasa wajen tsakar dare.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne tsarin yana da birki. Idan kotisol ya yi yawa a jini, yana komawa ƙwaƙwalwa ya sauka a gurabensa, su kuma su ce wa haifotalamus ya isa haka. A 1968 Bruce McEwen ya gano cewa hifokamfas, sashen da ke ajiye abubuwan da muke tunawa, cike yake da waɗannan gurabe. Shi da goshin ƙwaƙwalwa, inda ake auna abu a yi shawara, su ne ke taka birkin. Haɗarin mota ya wuce, bayan awa ɗaya ko biyu komai ya lafa. Amma bashi ba ya wucewa cikin awa biyu. Haka zaman aure mai ɗaci, da jinyar wanda ba ya samun sauƙi, da wurin aiki inda ake wulaƙanta mutum kullum. Jiki bai da wani tsari daban don irin waɗannan, wannan ɗin dai zai yi ta kunnawa.

Binciken da aka yi a kan ɓeraye ya nuna abin da ke faruwa idan matsi ya ɗauki makonni: rassan jijiyoyin hifokamfas da na goshin ƙwaƙwalwa suna motsewa, su kuwa na amigdala suna ƙara yaɗo. Mai taka birki yana raunana, mai kururuwar haɗari yana ƙara ƙarfi, sai kotisol ya ci gaba da zuba, shi kuma ya ƙara raunana birkin. A mutane, hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna hifokamfas na masu ciwon damuwa mai yawan dawowa ya ɗan fi ƙanƙanta idan aka kwatanta rukuni da rukuni. Bambancin kaɗan ne, ba a iya duba hoton mutum ɗaya a ce yana da ciwon. Kuma a dabbobi an ga rassan suna sake tohowa idan matsin ya kau.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa kotisol yana taɓa yanayin zuciya daga ɗakin jinya ta fito. Masu cutar Cushing, waɗanda wani ƙari ke sa jikinsu zubar da kotisol ba ƙaƙƙautawa, fiye da rabinsu suna shiga damuwa ko fargaba ko saurin fushi, kuma da yawa suna samun sauƙi idan aka cire ƙarin. Haka masu shan prednisolone mai yawa, wanda ɗan'uwan kotisol ne, wasu barci ya ƙaurace musu, wasu su yi ta zumuɗi, wasu su faɗa ƙunci.

To me zai hana a auna kotisol ɗinka a huta? An gwada. A 1981 Bernard Carroll ya gabatar da wani gwaji: a ba mutum dexamethasone, magani mai kama da kotisol, da dare, wanda ya kamata ya ruɗi ƙwaƙwalwa ta taka birki, a auna kotisol washegari. Kusan rabin masu tsananin damuwa birkinsu bai kama ba. An yi murna an samu gwajin jini, amma ba a daɗe ba aka gane rabin ya tsere wa gwajin, ga kuma masu wasu larurori daban da ke nuna irin wannan sakamako, sai aka daina dogara da shi wajen gane ciwon. Daga baya Rachel Yehuda ta tarar wasu masu fama da firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, kotisol ɗinsu ƙasa yake da na sauran mutane. Ƙara da cewa awo ɗaya yana canzawa da lokacin da aka ɗebi jinin, da barcin daren jiya, har da tsoron allurar kanta. Serotonin na jini kuwa bai gaya maka komai game da ƙwaƙwalwa ba, domin kimanin kashi 90 cikin 100 na serotonin ɗin jiki a hanji ake yin sa, kuma ba ya ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya ce zai auna maka "sinadaran ƙwaƙwalwa" daga jini ko fitsari ko yawu sannan ya sayar maka da abin daidaita su, aljihunka yake nema.

Faɗuwar gaban da ka ambata tana da nata bayanin. A jijiyar da ta haɗa ƙwaƙwalwa da laka akwai wani ɗan gungun ƙwayoyi da ke watsa noradirinalin zuwa ko'ina a ƙwaƙwalwa idan an ji motsin haɗari. A masu larurar fargaba, shi da amigdala suna saurin tashi kuma suna jinkirin kwanciya. Ka dubi yadda farmakin firgici ke faruwa. Mutum yana zaune lafiya lau, sai zuciyarsa ta ɗan yi tsalle, abin da ke faruwa ga kowa. Shi kuwa sai hankalinsa ya tafi can. Tsoro ya zubo adirinalin, bugun ya ƙaru, numfashi ya zama sama-sama da sauri. Saurin numfashin yana fitar da iskar kabon fiye da ƙima, sai yatsu da leɓɓa su soma yi kamar ana tsira musu allura, kai ya yi jiri, ƙirji ya ɗaure. Sai ya tabbatar wa kansa zuciyarsa ce za ta tsaya, wannan tunanin kuma ya ƙara zubo adirinalin. Cikin kamar minti goma abin ya kai maƙura, sannan ya soma sauka da kansa. A nan sinadari da tunani suna ciyar da juna, ba za ka iya nuna inda ɗaya ya ƙare ɗayan ya fara ba. Shi ya sa kafeyin (sinadarin da ke cikin kofi da goro) mai yawa ke iya tayar da farmakin ga masu larurar, shi ya sa kuma koya wa mutum ma'anar abin da jikinsa ke yi ke iya yanke shi.

GABA shi ne mai kwantarwa, kuma a kansa diazepam da danginsa ke aiki, haka ma barasa. Suna kashe fargaba cikin minti talatin, wannan ne ya sa mutane ke son su, kuma wannan ne haɗarinsu. Bayan 'yan makonni ƙwaƙwalwa tana rage nata ƙoƙarin ta jingina da su, ranar da aka rasa kuwa fargabar ta dawo ninki, wani lokaci har da farfaɗiya. Ni dai ba na son a wuce ɗan gajeren lokaci da su.

Za ka iya tambaya me ya sa mutum biyu za su shiga masifa iri ɗaya, ɗaya ya faɗi ɗaya ya tsaya. Gado yana da kaso: binciken tagwaye ya kiyasta shi da kimanin kashi 37 cikin 100 a ciwon damuwa, kuma ba ƙwayar halitta ɗaya ba ce, ɗaruruwa ne kowace da ɗan tasirinta. Ƙuruciya ma tana da nata. Michael Meaney da abokan aikinsa a Kanada sun nuna cewa 'ya'yan ɓerayen da uwarsu ke yawan lasa da shafa suna girma da gurabe masu yawa na karɓar sinadarin matsi a hifokamfas, wato birki mai kamawa, har tsufansu. A mutane, babban binciken da aka yi a Amurka a shekarun 1990 kan mutum fiye da 17,000 ya nuna cewa gwargwadon yawan cutarwa da sakaci da mutum ya gani yana yaro, gwargwadon haɗarin damuwa idan ya girma. Ban kawo wannan don a zargi iyaye ba. Na kawo shi ne don ka ga cewa abin da ya faru da mutum yana rubutuwa a jikin jijiyoyinsa, don haka raba "matsalar rayuwa" da "matsalar sinadari" aikin banza ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa a 2019 mutum kimanin miliyan 280 ke da ciwon damuwa, miliyan 301 kuma larurar fargaba. Wani ba ya barci, wani barcin ne ya yi masa yawa, wani ya rame, wani ya yi ƙiba. Da wuya a ce ƙofa ɗaya duk suka shigo ta cikinta.

Mu koma kan sati biyunka. Bayanin da ya fi ƙarfi a yanzu shi ne ƙarin serotonin farkon aikin ne kawai. A makonnin da ke biyo baya gurabe suna sake daidaituwa, sinadaran da ke ciyar da jijiyoyi suna ƙaruwa, sababbin mahaɗai suna tsirowa, birkin kotisol yana soma kamawa. Ketamine, maganin da ake sa mutum barci da shi a tiyata, ya ƙara wa wannan fahimta nauyi: a 2000 masu bincike a Jami'ar Yale suka ga yana ɗaga damuwa cikin awowi, alhali a kan gulutamet yake aiki, kuma a dabbobi yana sa mahaɗai su tsiro da sauri. A ƙarƙashin kulawar asibiti kawai ake ba da shi. Jinyar tattaunawa da ƙwararre ita ma a kan waɗannan jijiyoyi take aiki ta wata ƙofar. Idan aka bi da mutum sannu-sannu ya fuskanci abin da yake gudu, ya ga bai mutu ba, goshin ƙwaƙwalwa yana koyon danne amigdala. A larurar fargaba, amfanin wannan jinya yakan daɗe bayan an gama ta fiye da na magani bayan an daina shi. Barci ma ba ƙaramin abu ba ne: a wani gwaji na 2007, hana mutane barcin dare ɗaya ya sa amigdalarsu ta mayar da martani ga hotuna masu tayar da hankali da ƙarin kusan kashi 60 cikin 100. Motsa jiki a kai a kai shi ma yana da hujja mai kyau a damuwa mai sauƙi da matsakaiciya.

Akwai gwajin jinin da ya cancanci ka tambayi likitanka, amma ba wanda ka zata ba. Tayirod, wanda ke gaban wuya, idan ya yi sanyin aiki yana kawo kasala da ƙunci, idan ya yi zafin aiki yana kawo bugun zuciya da rawar hannu da rashin barci, sak fargaba. Ƙarancin jini da hawa da saukar sukari su ma suna yin kama da ita. Kotisol kuwa ana auna shi ne idan akwai alamun Cushing, kamar kumburin fuska, da tara kitse a ciki alhali hannuwa da ƙafafu suna sirancewa, da jajayen zane masu faɗi a fatar ciki.

Ka gaya wa likitan duk abin da kake sha, musamman tramadol, domin haɗa shi da irin maganinka yana iya sa serotonin ya yi yawa har ya zama guba, da zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa. Idan ka taɓa yin kwanaki kana jin ƙarfi fiye da ƙima, ba ka buƙatar barci, kana surutu da kashe kuɗi ba lissafi, ka faɗa masa, don wannan larura ce daban wadda maganin damuwa shi kaɗai zai iya tsananta ta, kuma lithium da makamantansa ake ba ta. Kada ka yi mamaki idan fargabar ta ɗan ƙaru a satin farko ko na biyu, hakan yana faruwa kuma yakan lafa. Idan an kai sati huɗu zuwa shida babu ko alamar sauƙi, ka koma a ƙara yawan maganin ko a canza wani, domin da yawa sai a gwaji na biyu ake dacewa. Ranar da za a daina kuma a hankali ake ragewa, yankewa farat ɗaya tana kawo jiri da tashin zuciya da wani irin fizga a kai. Idan kuwa tunanin kashe kanka ya zo maka, ko sau ɗaya ne, kada ka jira ranar da aka ba ka ta komawa asibiti. Ka faɗa wa wani na kusa da kai, ku tafi a ranar.